Manhajar Sauko da Shirye-shiryen Rediyo: Abin da Za A Yi In Ta Ƙi Tashi

Wannan darasi an shirya shi ne domin Hakimai da malamansu na ofis, musamman waɗanda ke riƙe da unguwannin Kaduna na arewacin kogi, kamar su Kawo, da Unguwar Rimi, da Malali, da Badarawa, da Unguwar Sarki, da Unguwar Dosa, da Doka. Amma duk malamin da ke da kwamfuta a teburinsa, ko ina ya ke cikin ƙasar Zazzau, zai sami abin da zai amfane shi a ciki.

Kowa ya san matsayin rediyo a ƙasar nan. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ran 13 ga watan Maris, 1957. Gidan rediyon Jihar Arewa ya buɗe a nan Kaduna cikin 1962, na Jamus ya fara Hausa cikin 1963, na Faransa kuwa sai cikin 2007. A da, in an yi shiri da ƙarfe bakwai, wanda ba ya kusa da akwati a wannan sa'a ya rasa ke nan, sai dai ya ji a bakin mutane, su kuwa su ƙara gishiri. Yanzu gidajen rediyo da yawa su kan ajiye shirye-shiryensu a intanet, kowa ya sauko da su ya saurara sa'ad da ya ga dama. Irin wannan shiri shi a ke kira fodkas. Sunan ya fito ne cikin 2004, a wata jarida ta Ingila mai suna Guardian, daga alƙalamin wani ɗan jarida Ben Hammersley.

Amfanin wannan ga ofishin Hakimi ba ƙarami ba ne. Cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta rage gundumomi daga 390 zuwa 77, watau ƙasar da Hakimi guda ya ke dubawa ta ƙaru, malaminsa kuma aiki ya yi masa yawa, ba shi da damar zama gaban akwati yana jiran lokacin shiri. In an yi bayani a rediyo kan cutar amai da gudawa, ko allurar riga-kafi, ko hasashen ruwan damina, ya fi kyau a ce shirin yana ajiye a ofis, a sa wa dagatai da masu unguwa su ji da kunnensu ran taro. Shirye-shirye irin su Ra'ayi Riga na BBC, ko Lafiya Jari Ce da Muhallinka Rayuwarka na rediyon Faransa, ana iya yin wannan amfani da irinsu. To, duk wannan ya rataya ne a kan manhaja guda da ke cikin kwamfuta. Ran da aka danna ta ta ƙi tashi, sai ka ga malami ya ruɗe, ya ɗauki injin ɗungum ya nufi wurin mai gyara. Sau da yawa kuwa abin bai kai ga haka ba, kuma a wannan tafiya ne a kan yi hasarar da ta fi ta farko.

Yadda manhajar ta ke aiki

Kafin mutum ya gyara abu sai ya san yadda ya ke. A ɗauka manhajar nan masinja ce. Kowace safiya masinja ya kan duba takardar da aka rubuta masa lambobin akwatunan gidan waya, ya je ya buɗe kowanne, in akwai sabuwar wasiƙa ya kawo, ya rubuta a rajista cewa ta iso, sa'an nan ya sa ta a kabad. Haka manhajar ta ke yi. Tana da jerin adireshin shirye-shiryen da aka yi mata umurni ta bi, tana da kundi inda ta ke rubuta abin da ta riga ta sauko da shi, tana kuma da jaka inda ta ke zuba muryoyin.

Abin lura a nan shi ne, jikin manhajar dabam, kundinta dabam, ba wuri ɗaya su ke zaune ba. Jikin yana cikin jakar da a ke kira Program Files. Kundin da muryoyin kuwa suna cikin jakar mai amfani da kwamfutar. Alamar nan da ke kan allo, wadda a ke dannawa, ba ita ce manhajar ba, ɗan nuni ne kawai, kamar allon da a ke kafawa a bakin hanya mai nuna gidan Hakimi. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa uku, jiki da kundi da alama, ya riga ya san inda zai nemi ciwo.

Za a ambaci manhajoji uku a nan. Akwai iTunes ta kamfanin Apple, wadda ta fara ɗaukar fodkas cikin watan Yuni, 2005. Akwai gPodder, wadda wani mutumin Ostiriya, Thomas Perl, ya fara rubutawa cikin 2005, kyauta ce ga kowa. Akwai kuma tsohuwa mai suna Juice, wadda da fari a ke kiranta iPodder, aka sake mata suna cikin 2005. Za a fi yin misali da gPodder, gama kayanta a fili su ke, amma hanyar binciken duk ɗaya ce.

Abin da za a fara da shi

Da fari dai, kada a yi ta dannawa. Malami ya danna sau biyu, ya ga shiru, ya sake, ya sake, har sau goma. Tsohuwar kwamfuta ta kan ɗauki minti guda ko fiye kafin ta buɗe abu, musamman in yanzu aka kunna ta, kowace dannawa kuwa ƙarin kaya ce a kanta. A danna sau biyu, a dubi agogo, a ba ta minti biyu cikakku.

In ba ta fito ba, a dubi kusurwar allo ta ƙasa wajen dama, kusa da agogo, a danna ƙaramar kibiyar nan mai kallon sama. Waɗansu manhajoji in an rufe su ba sa mutuwa, sai su laɓe a nan. In alamarta tana wurin, ashe a tashe ta ke, sai a danna ta ta fito. Haka kuma in an taɓa haɗa kwamfutar da majigi a wurin taro, mai yiwuwa tagar manhajar ta buɗe a wancan allo na biyu wanda ba ya nan yanzu. A riƙe maɓallin Windows a danna P, a zaɓi allon kwamfuta kaɗai, taga za ta komo.

In har yanzu shiru, a riƙe Ctrl da Shift a danna Esc. Wata taga za ta buɗe mai suna Task Manager, ita ce mai nuna duk abin da ke aiki cikin injin, na fili da na ɓoye. A nemi sunan manhajar. Sau da yawa za a tarar da ita a can, ta tashi rabi ta maƙale, ita ce kuma ta tare wa sabuwar hanya. A danna sunan, a danna End task, a yi wa duk mai irin sunan haka, sa'an nan a sake gwadawa.

Daga nan sai sake tayar da kwamfutar. A nan akwai wani abu da malamai da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8, wadda ta fito cikin 2012, in mutum ya danna Shut down injin ba ya kan zubar da kome da kome ba, ya kan ajiye wani sashe na abin da ke ƙwaƙwalwarsa domin ya yi saurin tashi gobe. Ke nan in akwai wata matsala a wannan sashe, da ita zai kwana, da ita zai tashi. Restart shi ne mai share wuri sarai. Saboda haka malamin da ya ce ai kullum yana kashewa da yamma bai yi abin da a ke nufi ba tukuna.

A karanta abin da injin ya ce

In manhajar ta ƙi tashi amma wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci, kada a yi garajen danna OK. Wannan rubutu shi ne bakin mara lafiya yana faɗin inda ke yi masa ciwo. A ɗauki alƙalami a kwafe shi harafi da harafi, ko a ɗauki hotonsa da waya. Abin mamaki ne a ce malamin da ba zai yarda wasiƙa ta shigo ofis ba tare da ya rubuta lambarta da ranarta ba, shi ne kuma zai kori saƙon kwamfuta bai karanta ba.

Saƙon da aka fi gani shi ne wanda ke cewa an rasa wani fayil mai ƙarewa da dll, kamar VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll. Waɗannan kayan aiki ne na tarayya, manhajoji da yawa su ke aron su, kamar yadda gidaje goma su ke ɗiban ruwa a rijiya guda. Maganinsa shi ne a sauko da abin da a ke kira Visual C++ Redistributable daga shafin kamfanin Microsoft kansa, a sa. Iri biyu ne, akwai mai alamar x86, akwai mai alamar x64, ba laifi a sa duka biyun. Lalle kada a je waɗansu shafuna da ke tallar fayil ɗin dll guda guda, gama ta nan ɓarna ta kan shigo. In kuwa saƙon yana ɗauke da lamba 0xc000007b, galibi ma'anarsa an gauraya kayan 32 da na 64 ne, maganin kuma shi ne wancan dai, ko a sake sauko da manhajar irin wadda ta dace da injin.

In ba saƙon da ya fito, manhajar ta yi ƙyalli kawai ta ɓace, to akwai inda injin ya rubuta labarin. A riƙe maɓallin Windows a danna R, a rubuta eventvwr, a danna Enter. A shiga Windows Logs, a shiga Application, a nemi layi mai jan tabo wanda lokacinsa ya yi daidai da lokacin da aka danna. Yawanci lambarsa 1000 ce, a ƙarƙashinsa kuma an ambaci sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar. Ba lalle malami ya gane duk abin da ke ciki ba. Ya dai kwafe, domin in ta kai ga mai gyara a nuna masa, ya san bai zo da wanda za a yi wa rufa-ido ba. Ita ma gPodder tana da nata littafin aukuwa, cikin wata jaka mai suna Logs.

Akwai kuma saƙon da ke cewa ba a ga abin da alamar ke nunawa ba. Wannan ciwon alama ne, ko kuwa an ɗauke jikin manhajar daga wurinsa. A nan ƙasar abin da ya fi jawo haka shi ne filashi. An kai shi shagon buga takardu a Ahmadu Bello Way ko a kasuwa, an soka shi a injin da mutum ɗari suka soka nasu, ya kwaso ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar alamomin banza a madadinsu. Da ya komo ofis sai manhajar riga-kafi ta shiga kame, wani lokaci ta haɗa da mai laifi da mara laifi ta kulle. A buɗe Windows Security, a duba Protection history, a ga ko sunan manhajar yana cikin waɗanda aka tsare. In daga shafinta na ainihi aka sauko da ita, kuma ba a taɓa soka baƙon filashi ba, a iya sakinta. In akwai shakka, a bar ta a tsare, a sauko da sabuwa. Abin da ba za a yi ba shi ne kashe riga-kafin gaba ɗaya domin manhaja guda ta tashi.

Kundin da ɗauke wuta ya yaga

Yanzu mun zo ga abin da ya fi kowanne yawa a ofisoshinmu, saboda haka za mu daɗe a kansa.

Manhajar nan kullum cikin rubutu ta ke a kundinta. Ta sauko da shiri ta rubuta, an saurara ta rubuta, an share ta rubuta. To, a ce tana tsakiyar rubutu wuta ta ɗauke, ko mai janareta ya kashe ba sallama, ko malami ya gaji da jira ya danne maɓallin kashewa. Sai shafin ya zauna rabi a rubuce rabi babu. Gobe da ta tashi, abin da za ta fara yi shi ne buɗe kundi. Ta tarar da abin da ba ya karantuwa, ita kuwa ba ta da wayon mutum da za ta tsallake shafi, sai ta faɗi nan take. An tsara kundin yadda zai jure irin wannan katsewa, galibi kuma ya kan jure, amma in abin ya yi ta maimaituwa a kan tsohon injin da rumbunsa ya gaji, wata rana sai ya yage. Alamar wannan ciwo ita ce, jiya lafiya lau aka yi aiki da ita, aka ɗauke wuta, yau ta ƙi.

Ga yadda za a tabbatar. A shiga Documents, a nemi jaka mai suna gPodder. A cikinta akwai fayil mai suna Database, shi ne kundin, akwai Settings.json, shi ne takardar zaɓe-zaɓen da aka yi mata. Akwai jakar Downloads, inda muryoyin su ke. Kafin a taɓa kome, a kwafe jakar gaba ɗaya zuwa wani filashi mai tsabta. Wannan tilas ne, ba a tsallake shi ko da a gaggauce a ke.

Sa'an nan a sake wa Settings.json suna, a ƙara masa kalmar tsoho a gaba. A lura, sake suna aka ce, ba sharewa ba. A danna manhajar. In ta tashi, ashe takardar zaɓe-zaɓe ce ta lalace, ta kuwa riga ta yi wa kanta sabuwa, shirye-shiryen duka suna nan, ba a yi hasarar kome ba sai 'yan gyare-gyare da za a sake cikin minti biyar. In ba ta tashi ba, a mayar wa fayil ɗin sunansa na da, a yi wa Database irin abin da aka yi masa. In ta tashi yanzu, za ta tashi fayau ba shiri ko ɗaya a cikinta, kamar ran da aka fara sa ta. Kada hankali ya tashi. Muryoyin suna cikin kwafin da aka yi a filashi, jerin adireshi ne kaɗai za a sake shigarwa.

Dalilin da ya sa aka ce a taɓa abu ɗaya ɗaya shi ne, in an sake uku a lokaci guda ta tashi, ba a san wanne ne mai ciwon ba, an kuma zubar da biyu masu lafiya a banza.

Sake shigar da jerin nan shi ne wahala, in shirye-shirye ashirin a ke bi. Amma akwai sauƙi ga wanda ya yi tanadi. Galibin irin wannan manhaja tana iya fitar da jerin adireshinta cikin ɗan ƙaramin fayil da a ke kira OPML, wanda bai kai nauyin hoto guda ba. A gPodder yana ƙarƙashin Subscriptions. Mai wannan fayil, cikin minti biyu zai mayar da kome, har ma ya iya kai shi wata manhaja dabam ta karɓa. Ya kamata kowane Hakimi ya tambayi malaminsa ko ya fitar da shi, ya kuma ce a nuna masa inda aka ajiye.

Mai iTunes kuwa, kundinsa yana cikin Music, cikin jakar iTunes, sunansa iTunes Library.itl. In an riƙe Shift sa'ad da a ke buɗe ta, za ta tambaya wane kundi za ta ɗauka. Kusa da shi akwai jaka mai suna Previous iTunes Libraries, inda ta kan ajiye tsofaffin kundaye, a iya komawa ga ɗaya daga cikinsu. In an riƙe Ctrl da Shift tare, sai ta tashi ba tare da ƙare-ƙaren da aka liƙa mata ba, ta haka a kan gane ko su ne masu laifi.

Daga wannan bayani za a gane abin da ya sa cire manhaja a sake sa ta ba ya kan yi magani a irin wannan hali ba. Cirewa jiki ta ke ɗaukewa, ta bar kundi inda ya ke. Sabon jiki ya zo, ya buɗe yagaggen kundin nan, ya faɗi kamar na farko. Malami ya ƙone data a banza, ya kuma ɗauka injin ne ya mutu.

Maganin asali dai shi ne a hana wutar yankewa farat ɗaya. Akwatin batir da a ke kira UPS ya kan riƙe kwamfuta 'yan mintoci, abin da zai isa a rufe manhaja a kashe inji bisa ƙa'ida. Batirinsa ya kan gaji bayan 'yan shekaru, a riƙa gwada shi. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ba ta bukatarsa.

Cikar rumbu, da agogo, da tsufa

Murya tana da nauyi. Shirin rabin sa'a, in an matse shi matsakaici, ya kan kai megabait 14, in mai kyan sauti ne ya ninka haka. Uku a yini, cikin shekara guda sun kai wajen gigabait 15, wannan kuwa a ƙaramin lissafi ke nan. Manhajar ba ta san ƙoshi ba, im ba a hana ta ba sai ta cika rumbun kwamfuta maƙil, ta rasa inda za ta rubuta ko layi ɗaya, ta ƙi tashi. A buɗe This PC a dubi sandar da ke ƙarƙashin C. In ta yi ja, abin da ya rage bai kai kashi goma cikin ɗari ba. A kwashe tsofaffin shirye-shirye, a kuma umurci manhajar ta riƙa share wanda aka saurara bayan mako ɗaya ko biyu, ban da waɗanda Hakimi ya ce a adana. Haka nan in an taɓa gaya mata ta riƙa zuba kaya a wani filashi ko rumbun waje, aka zare shi, sai a mayar da shi kafin a buɗe ta.

Agogo kuma a dube shi. Cikin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe kwanan wata in an kashe wuta. In ya mutu, injin ya kan tashi yana tsammani shekarun baya a ke. Shafunan intanet kuwa suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in kwanan wata bai yi daidai ba sai a ƙi karɓarta. Galibi wannan saukowa ya ke hanawa, ba tashi ba, amma tun da dubawar ba ta cin ko kwabo, a duba.

Batun tsufa ya kasu biyu. Ko manhaja ta tsufa ta bar injin, ko injin ya tsufa ya bar manhaja. Juice an yi ta ne a zamanin Windows XP. Da Windows Vista ta fito cikin 2007 aka sake tsarin jakunkuna, sai ta riƙa neman jakarta a inda babu ita, ta ƙi tashi. A kan lallashe ta, a danna alamarta da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a shiga Compatibility, a zaɓa mata Windows XP. Amma an daɗe ba a kula da ita ba, shawararmu ita ce a fitar da jerinta a koma wata. Ta ɗaya gefen kuma, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP ran 8 ga Afrilu, 2014, da Windows 7 ran 14 ga Janairu, 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta na gama-gari ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025. Masu rubuta manhaja su kan bi sawu. Ga misali, harshen Python, wanda da shi aka rubuta gPodder, tun fitowarsa ta 3.9 cikin Oktoba, 2020, ba ya aiki a kan Windows 7, ke nan duk manhajar da aka gina da sabonsa ba za ta tashi a can ba kome dannawa. In manhaja tana aiki lafiya, aka sabunta ta, ta ƙi tashi a kan tsohon inji, to wannan ne. Sai a koma wa tsohuwar fitowarta na ɗan lokaci, Hakimi kuma ya rubuta a nemo wa ofis injin da ya dace.

In ta kai ga mai gyara

In an bi duk wannan ba a dace ba, ko kuwa an ga ba manhaja ɗaya ce ke faɗuwa ba, injin yana ƙara, yana zafi, yana mutuwa da kansa, to abin ya wuce malami. Ƙurar hunturu ta kan toshe fanka, rumbu kuma ya kan tsufa kamar kome. Sai a nemi mai gyara, amma da sharaɗi.

Masu gyara da yawa, abin da ya fi musu sauƙi shi ne su share injin gaba ɗaya su sake zuba Windows, abin da su ke kira fomatin. Aikin sa'a biyu ne, manhaja kuwa za ta tashi. Amma tare da ita wasiƙun ofis sun tafi, da jerin sunayen masu unguwa, da bayanin sulhun gona da na gado da aka yi a gaban Hakimi, da takardun shaidar zama ɗan gunduma. Littattafan gundumomi da malaman da suka rubuta da hannu, har yau waɗansunsu suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, masu bincike suna karantawa. Abin kunya ne a ce aikin shekara biyar na malamin yau ya tafi cikin yini guda saboda shirin rediyo ya ƙi buɗuwa. Kada a yarda a yi fomatin sai da izinin Hakimi a rubuce, bayan an kwafe takardu duka a wuri biyu, an kuma buɗe kwafin an ga yana karantuwa.

Har wa yau, takardun nan asirin talakawa ne. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irinsu nauyin tsare su. Saboda haka ya fi kyau mai gyara ya zo ofis ya yi aikinsa a gaban malami. In tilas sai an kai shago, malami ya tafi da injin da kansa, ya zauna har a gama, kada a ba yaro ya kai a ce a komo gobe. Ya tafi da takardar da ya kwafe saƙon injin a kai, da jerin abin da ya riga ya gwada.

Ya kamata kuma a buɗe wa kwamfutar ofis ɗan littafi nata, a ajiye shi cikin aljihun tebur. A shafin farko a rubuta irin injin, da irin Windows da ke kai, da sunan manhajar da lambar fitowarta, da inda aka ajiye fayil ɗin OPML. Sauran shafuna a ja musu layi huɗu: kwanan wata, abin da ya faru, abin da aka yi, da sa hannun wanda ya yi. Ran ɗaya ga kowane wata malami ya sake fitar da OPML, ya kwafe jakar manhajar da takardun ofis a filashin da ba ya fita ko'ina, ya rubuta a littafin, ya kai wa Hakimi ya sa hannu. In an yi wa malami canjin wurin aiki, littafin da filashin suna cikin kayan da zai danƙa wa wanda ya gaje shi.